FILIN MANOMA: INJIN BAN RUWA DA ZURFIN RIJIYA

Da zarar an kau da amfanin damina, manoman Tsaskiya da sauran ƙauyukan ƙasar Safana da Batsari sai hankalinsu ya koma fadama, wajen albasa da tumatir da tattasai. A da da jigo a ke ban ruwa. Tun shekarun 1990, da Shirin Fadama ya yaɗa rijiyar bututu da ƙaramin inji mai shan fetur, jigo ya ja baya. Amma har yanzu akan sami manomi ya sayar da hatsinsa ya sayi inji, ya kafa shi bakin rijiya, inji ya yi ta ruri, ruwa ko ɗigo. Sai ya ce ɗan kasuwa ya cuce shi. Sau da yawa kuwa inji lafiya lau ya ke, zurfin ruwan ne ya fi ƙarfin dabarar.

RUWA YANA DA NAUYI

Kome a duniya ƙasa tana jan sa, shi ne a ke kira nauyi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, watau garwa mai cin galan 4 ruwanta ya kai kilo 18. Ruwa ba ya tashi sama sai an sa masa ƙarfin da ya fi nauyinsa. Mai jigo ya san wannan, shi ya sa ya ke ɗaura dutse ko curin laka a gindin sanda, domin nauyin dutsen ya taya shi ɗaga guga.

ISKA MA TANA DA NAUYI

To, mene ne ke ɗaga ruwa cikin tiyon inji? Yawancin mutane sun ɗauka inji ne ke tsotso shi. Ba haka ba ne. Iskar da ke bisa kan mutane tana da nauyi, tana danna kowane wuri mai faɗin farcen yatsa da nauyin kimanin kilo ɗaya. Ba a jin ta ne domin ta kowane gefe ta ke dannawa, har daga cikin jiki.

Yaro ɗan makaranta yana iya gwada wannan. Ya cika kwalba da ruwa, ya toshe bakin da yatsa, ya kifa ta cikin kwanon ruwa, sa'an nan ya zare yatsan. Ruwan kwalbar ba zai zube ba, gama iskar da ke danna ruwan kwano ita ce ta tokare shi.

Aikin inji ke nan: yana rage matsi a cikin tiyo, sai iskar waje ta danna ruwan rijiya ta tura shi sama. Ashe iska ce mai ɗagawa, ƙarfinta kuwa yana da iyaka. Iyakarsa ƙafa 34 ne a bakin teku, watau mita 10 da 'yan kai. Wani masani na ƙasar Italiya, Torricelli, almajirin Galileo, shi ya bayyana dalilin haka a 1644. Ƙasar Katsina tana kan tudu, kimanin mita 500 bisa teku, iska ta ɗan fi sauƙi, saboda haka iyakar ta ragu zuwa wajen ƙafa 32.

Wannan lissafin takarda ne. A gona, inji mai kyau da kyar ya ke wuce ƙafa 24, watau gaba huɗu, kuma tun kafin a kai nan ruwan da ya ke bayarwa raguwa ya ke yi. Ko an sayi babban inji, ba zai ƙara wa iska nauyi ba.

ABIN DA MANOMI ZAI YI

Na farko, ya auna kafin ya saya. Ya ɗaura dutse a igiya ya zura, daga inda inji zai zauna zuwa fuskar ruwa, ba zuwa gindin rijiya ba. Ya tuna ruwan Nuwamba ba shi ne na Afrilu ba, kuma yana ƙara sauka yayin da inji ke aiki.

Na biyu, ya kusantar da inji ga ruwa. Iyakar nan ta wajen jawowa ce kaɗai. Wajen turawa, gwargwadon ƙarfin inji ne. Shi ya sa famfon burtsatse mai zurfi a cikin ruwan a ke nutsar da shi. Idan ruwa ya yi nisa, a haƙa rami gefen rijiya a saukar da inji gaba ɗaya ko biyu. Amma a yi hattara: hayaƙin inji cikin rami yana kashe mutum. Kada kowa ya zauna ciki inji na aiki.

Na uku, ya ɗura wa inji ruwa kafin ya tashe shi, ya kuma ɗaure mahaɗin tiyo tam da roba. Ƙaramar kafa ta isa ta shigar da iska ta ɓata aikin duka.

Na huɗu, ya lura da tiyo. Ruwa mai gudu yana gogar jikin tiyo, gogayyar nan tana cin ƙarfi, ƙarfin kuwa fetur ne. Tiyo dogo, siriri, mai lanƙwasa da yawa, ya fi ci. Bakin tiyo mai inci 3 ya ninka na mai inci 2 fiye da sau biyu.

'Yan kasuwa masu sayar da inji a kasuwannin Batsari da Dutsin-Ma, ya kamata su riƙa tambayar mai saye gaba nawa ne zuwa ruwansa. Malaman gona kuma su karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba. Igiya da dutse ba su cin ko kwabo, amma suna iya tsare wa manomi kuɗin buhunan hatsi. Allah ya ba da rani mai albarka, amin.