Sitif Redgiref, gwanin tseren kwale-kwale

An haifi Sitif Redgiref a shekara ta 1962 a garin Marlo, bakin kogin Tamis, cikin ƙasar Ingila. Mahaifinsa magini ne.

Da aka sa shi lakkol, karatu ya yi masa wuya ƙwarai. In ya dubi takarda, sai baƙaƙe su rikice masa. Likitoci sun san wannan matsala. Ba rashin hankali ba ne, ba kuma ƙiwuya ba ce. Wani mushe ya ga yaron dogo ne, ga ƙarfi, sai ya kai shi kogi ya koyi tuƙi. Yana da shekara 16 ya bar lakkol, ya riƙe tuƙi sosai.

Kwale-kwalen tsere siriri ne, dogo, ba shi da nauyi. Matuƙa suna zama a jere, sun ba gaba baya. Nisan tseren kilometir 2 ne. Dole su ja filafili tare, a lokaci guda. In guda ya yi jinkiri, duka sun yi hasara.

Duk shekara 4 ake yin wasannin Olimpik. Sitif ya ci lambar zinariya a Los Anjalas a 1984, a Seyul a 1988, a Barselona a 1992, kuma a Atlanta a 1996. A Atlanta, zinariyar da ya ci tare da abokinsa Matiyu Pinsent ita kaɗai ƙasarsu ta samu. Ran nan ya gaji liƙis, har ya ce ya bar tuƙi ke nan. Bayan ƴan watanni sai ga shi ya koma kogi.

A 1997 likita ya gaya masa yana da ciwon sukari. Ya ɗauka komi ya ƙare. Amma likitan ya nuna masa yana iya ci gaba in ya kiyaye. Kullum sai ya gwada jininsa, ya yi allura, ya lura da abin da zai ci, sannan ya tafi aiki.

A shekara ta 2000 aka yi wasannin a Sidni, ƙasar Ostiraliya. Lokacin yana da shekara 38. Su huɗu ne cikin jirgi. Ƴan Italiya suka matsa musu har bakin layi, tsakaninsu bai kai rabin sakan ba. Sitif ya ci zinariya ta 5 a jere, sannan ya huta. A 2001 aka ba shi babbar lambar girma ta ƙasarsa.

Ɗan'uwa mai koyo, in baƙaƙe sun rikice maka yau, kada ka fasa zuwa aji gobe. Sannu ba ta hana zuwa.

Tambayoyi
1. A bakin wane kogi aka haifi Sitif?
2. Mi ya sa matuƙa ke jan filafili tare?
3. Shekara nawa ne daga zinariyarsa ta fari zuwa ta ƙarshe?