Girka kyamarorin bin motsin ƙananan abubuwa a ɗakin aiki a Amriguébé

Na'urar bin motsi ta hanyar haske kyamarori ne da ake jerawa kewaye da wuri ɗaya, kowace da zoben fitilu a bakin gilashinta mai fitar da hasken infirared, wanda ido ba ya gani. Ana manna wa abin da ake son bi wasu 'yan ƙwallaye masu mayar da haske inda ya fito. Idan kyamara biyu suka hango ƙwallo ɗaya a lokaci guda, kwamfuta za ta lissafa ainihin inda yake. Uku sun fi biyu aminci. Kamfanonin da aka fi sani a wannan fanni su ne Vicon na Ingila, da Qualisys na Suwidin, da OptiTrack na Amurka. Galibi jikin mutum ake bi da su, a asibiti ko wajen shirya fim. Bin ƙaramin abu, kamar yatsa ko ɗan jirgi maras matuƙi mai cika tafin hannu, wani aiki ne daban.

Tushen matsalar lissafi ne. Kyamarar da faɗin hotonta ɗigo 1280 ne, idan aka ajiye ta inda take ganin faɗin mita 2, kowane ɗigo ya ɗauki fiye da milimita ɗaya da rabi. Ƙwallo mai milimita 3 ke nan bai kai ɗigo biyu ba, kuma kwamfuta ba za ta iya gano tsakiyarsa da kyau ba. A matso da kyamarar har ta koma ganin mita 1, sai ƙwallon ya kusa ɗigo huɗu. Saboda haka abu na farko shi ne a ƙuntata filin aiki, tebur guda ma ya isa, a karkato da kyamarorin duka kansa, wasu daga sama wasu daga gefe. Ƙara yawan kyamarori ba ya gyara nisa, kuma a nan ne masu sabon hannu suka fi asarar kuɗi.

Bayan an matso, dole a sake saita gilashin kowace kyamara da hannu, a rage ƙarfin fitilu, don a kusa haske kan yi yawa har ƙwallaye biyu maƙwabta su narke su zama ɗaya. Kada wata kyamara ta kalli idon wata. Abu mai tauri da ba ya lanƙwasa yana buƙatar ƙwallaye uku aƙalla, ba a kan layi ɗaya ba, ba kuma da tazara iri ɗaya ba, don kwamfuta ta bambance gabansa da bayansa. Lokacin buɗe idon kyamara ma a gajarta shi: abin da ke gudun mita 2 a daƙiƙa yana gusawa milimita 2 cikin kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa.

Ɗaki a Amriguébé, kamar sauran unguwannin N'Djamena, yana da nasa sharuɗɗa. Hasken rana cike yake da infirared, kuma ramin ƙusa ɗaya a rufin kwano ya isa ya zubo da ɗigon haske a kan tebur wanda kwamfuta za ta ɗauka ƙwallo ne. A toshe tagogi da baƙin yadi mai kauri, a kawar da tiren shayi da agogon hannu da duk wani abu mai ƙyalli. Da hunturu, ƙurar da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele takan kwanta a kan gilashi da ƙwallaye ta dushe su, don haka a riƙa adana ƙwallayen a rufaffen gwangwani, kuma kada a taɓa su da hannu mai maiƙo. A watan Afrilu, da zafi kan haura digiri 40, ƙarfen da ke riƙe da kyamara yana miƙewa kaɗan tsakanin safiya da azahar, kuma kaɗan ɗin nan ya isa ya ɓata awon milimita. Ɗaure kyamara a bangon siminti ya fi ajiye ta a kan ƙafa uku. Batir da inbata su tsaya tsakanin na'urar da wutar gari ko janareto.

Daidaitawa ita ce ta ƙarshe. A kunna kyamarorin su yi kamar rabin awa su ɗumama, sannan a ɗauki gajeriyar sandar awo mai ƙwallaye a kaɗa ta ko'ina cikin filin, a ajiye ma'aunin kusurwa a kan tebur don nuna inda ƙasa take. Ko gwiwar hannu ta bugi kyamara ɗaya, a sake daga farko.

Akwai abin da ya yi ƙanƙanta da ɗaukar ƙwallo. A ƙauyen Doneguebougou na Mali, masu bincike sun yi amfani da kyamara biyu jere suka bi tashin garken sauro da magariba ba tare da manna masa komai ba, aka wallafa sakamakon a 2012. A irin wannan aiki, jikin sauron kansa ake warewa daga bayan hoto, amma ƙa'idar kusanci da daidaitawa ba ta canzawa.