Ƙarfen da ke cikin hatsi gado ne

Ran kasuwar Bena wani dattijo ya tare ni, jikansa na riƙe da gefen rigarsa. Ya ja fatar idon yaron ƙasa ya nuna mini, ciki fari fat. "Malam, a asibiti sun ce ba shi da jini. In na ƙara wa gonata taki, hatsin zai ƙara masa?" Na ce, "Baba, a fara da maganin da suka rubuta, don zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki ma na shanye jini." Amma tambayar tasa ta shafi aikina na malamin gona, kuma ba shi kaɗai ke cikin wannan hali ba: binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 68 cikin 100 na ƙananan yaran Nijeriya na fama da ƙarancin jini.

Taki buhu yake ƙarawa. Yawan sinadarin ƙarfen da ƙwayar hatsi ke ɗauka kuwa, wanda jiki ke yin jini da shi, akasari daga iri yake. A 2006 masana a Jami'ar Kalifoniya da ke Amurka suka gano wata ƙwayar gado a alkamar daji ta Gabas ta Tsakiya, ana kiranta Gpc-B1. Aikinta shi ne, idan zangarniya ta fara cika, ta kwaso abin da ganye ya tara ta zuba a ƙwaya kafin ganyen ya bushe. Da suka rage ƙarfinta a gwaji, alkamar ta makara nuna da sama da mako uku, ƙarfenta ya ragu da fiye da kashi 30 cikin 100. Yawancin alkamar da ake nomawa yau tata ƙwayar gadon ba ta aiki, shi ya sa ake barbara don a maido da ita.

Mu nan dawa da gero ne tuwonmu, kuma aikin ya iso kansu. A 2018 Nijar ta fitar da gero mai suna Chakti, wanda cibiyar ICRISAT ta samar ta hanyar barbara: kusan miligiram 65 na ƙarfe a kilo, alhali geron da aka saba yana wajen 47. Ido ba ya bambanta su, don haka kada a sayi irin a tiya, a nemi mai shaida. Gero kuma iska ke haɗa shi da na maƙwabci, sai a riƙa sabunta irin bayan 'yan damuna.

Abin da ya fi damuna yana bakin turmi. Ƙarfen a bayan ƙwaya ya fi taruwa, wato cikin dusar da muke bai wa awaki. Iyayenmu mata, a sassauta surfe. A jiƙa hatsi ya kwana, ya ɗan yi tsami kamar na koko, a bi tuwon da lemo ko miya mai tumatir, jiki ya fi karɓar ƙarfen.