Kafin ka aika takardun nan

Ɗana,

Mahaifiyarka ta nuna mini jerin jami'o'in da kake shirin nema a Amurka. Takwas ne, kuma babu wadda ban san sunanta ba: Harvard, Yale, Princeton, MIT, Stanford, Columbia da sauran irinsu. Wannan ne ya sa na ga bai kamata in yi shiru ba. Makarantar da sunanta ya iso har zaurenmu, ya isa Indiya da Sin da Koriya tun kafin nan, kuma can yaran duniya suke tura takardunsu.

Na ji makinka na SAT ya fito, 1150 cikin 1600. Kada ka sunkuyar da kai saboda shi. Na daɗe ina rubuta wa ɗalibai takardun shaida, na kuma san yadda ake samun irin wannan maki a nan: da fitilar caji, da datar da ke ƙarewa ana tsakiyar gwaji, a jarrabawar da aka tsara wa yaran da suka buɗi baki da Turanci. Maki ne na mutunci. Sai dai Harvard, cikin mutum ɗari da suka nema, uku zuwa huɗu take ɗauka, kuma yawancin waɗanda ta ɗauka makinsu ya haura 1500. Duk shekara ana mayar da dubban yara masu 1550, ba don wani aibi ba, kujera ce babu. Na san za ka ce rabo na Allah ne. Haka ne. Ka bar ɗaya a jerin, ko biyu in ranka bai ba ka ba, ka yi addu'a a kansu. Abin da ba zan so ba shi ne watan Maris ya zo, amsoshi takwas su shigo duk iri ɗaya, shekara ta tafi.

Amurka tana da jami'o'i da kwalejoji kusan 4,000. A zangon karatu na 2023 zuwa 2024 'yan Najeriya da ke karatu a can sun ɗan haura 20,000, kuma tsiraru ne daga cikinsu suke a makarantun da ka lissafa. Sauran suna warwatse ne a jami'o'in jihohi da ƙananan kwalejojin da ko sunansu ba mu iya faɗa, suna zama injiniyoyi da malaman jinya da masana kwamfuta. Chimamanda Adichie digirinta na farko daga Eastern Connecticut State University ta karɓe shi a 2001, jami'ar jiha wadda ba ta da wani amo. Sai daga baya ta je Johns Hopkins da Yale. Azikiwe da Nkrumah a Jami'ar Lincoln da ke Pennsylvania suka yi. Manyan jami'o'in nan suna da ƙofa ta biyu, wato digiri na biyu, kuma wanda ya fita da sakamako mai kyau daga ƙaramar makaranta ba wanda zai ƙara tambayarsa makin SAT ɗinsa.

To yaya ake gane makarantar da ta yi daidai da kai? Ba daga hotunan ciyawa kore da dogayen gine-gine ba. Jami'o'i da yawa suna wallafa wata takarda duk shekara mai suna Common Data Set. Ka rubuta sunan makarantar tare da wannan suna a intanet, za ta fito. Ba ta da ado, lambobi ne zalla, shi ya sa na fi yarda da ita. Ka gangara sashen C9. Za ka ga lambobi biyu na SAT, a ce 1060 da 1250. Ma'anarsu: kashi ɗaya cikin huɗu na sababbin ɗalibai suna ƙasa da ta farko, kashi ɗaya cikin huɗu suna sama da ta biyu, rabi kuwa suna tsakani. Inda 1150 ya faɗa tsakiya, kana cikin sa'o'inka. Inda ya kai lamba ta biyu ko ya wuce ta, kai ne ake zawarci, kuma a irin wannan wuri ne ake yawan rage wa mutum kuɗin makaranta don a jawo shi. Inda kuwa lambar ƙasa ma ta fi taka da ɗari biyu ko uku, kada ka ce ai ga wasu sun shiga da ƙasa da haka. Da yawansu da wani abu daban suka shiga: ɗan wasan da kocin makarantar ke nema, ko ɗan tsohon ɗalibi, ko ɗan jihar da aka gina jami'ar da harajinta.

Daga nan ka wuce sashen H6. Wannan ya fi na farko muhimmanci a wurinka, kuma shi ne yara ba sa dubawa. A nan makaranta ke faɗin baƙi nawa ta ba tallafi a shekarar, da kuma matsakaicin abin da kowa ya samu. In ka ga baƙi shida kacal aka ba, kowa dala dubu biyar, alhali kuɗin shekara dubu hamsin ne, ka rufe shafin ka nemi wata, ko da makinka ya fi na kowa a can.

Ga dalili. Ɗan Amurka yana da tallafin gwamnatin tarayyarsu da bashinta na karatu. Baƙo ba shi da ko ɗaya. Manyan jami'o'i masu zaman kansu yanzu suna cin dala dubu tamanin zuwa sama a shekara, in an haɗa ɗaki da abinci da inshorar lafiya. Jami'o'in jihohi masu sauƙi ma da wuya su yi wa baƙo ƙasa da dubu ashirin da 'yan kai. Ka buga wannan da canjin yau, ka sake bugawa sau huɗu, ka tuna kuma abin da ya sami naira tun daga 2023, lokacin da iyaye da yawa suka wayi gari kuɗin da suka tanada ya koma rabi. Makarantun da ke rufe ido ga aljihun baƙo lokacin zaɓe, sannan su biya masa duk abin da ya gaza, ba su fi goma ba ko kusa da haka: Harvard, Yale, Princeton, MIT, Amherst, Dartmouth, Bowdoin da 'yan kaɗan. Ka ga, su ne dai masu wuyar shigar nan. Yawancin sauran suna duba aljihu: gwargwadon yawan abin da kake nema, gwargwadon ƙuncin ƙofar. Saboda haka makarantar da ke ɗaukar mutum tamanin cikin ɗari tana iya zama mai wuya a gare ka, in cikakken tallafi kake so.

Na ga yaron da takardar karɓa ta zo masa, aka yi murna a gida, aka raba goro, sannan aka karanta shafi na biyu aka ga saura dala dubu talatin a shekara. Mahaifinsa ya sayar da fili ya biya shekarar farko. Shekara ta biyu babu filin sayarwa. Yaron ya dawo ba digiri, tsaransa a nan sun kai aji uku, kuma ya daɗe ba ya iya zama cikin mutane. Ba na so in ga haka a gidanmu. Ka sami mahaifinka a keɓe, ba gaban kowa ba, ka roƙe shi ya faɗa maka gaskiyar abin da zai iya fitarwa duk shekara har shekara huɗu ba tare da an taɓa gida ko gona ko kuɗin makarantar ƙannenka ba. Zai ji nauyin faɗa, kai ma za ka ji nauyin tambaya. Ku daure. Lambar da ya faɗa, ita da 1150 ɗin nan, a kansu za a gina sabon jerin. Kuma abin da ya faɗa shi za ka rubuta a fom. Kada ka ƙara don a ɗauke ka, domin makarantu da yawa ba sa sauraron baƙon da bai nemi tallafi tun farko ba in ya zo nema daga baya. Kada kuma ka sa rai aiki zai cike giɓin. Bizar ɗalibi ta yarda da aikin awa 20 ne kawai a mako lokacin karatu, a cikin makaranta, kuma mafi ƙarancin ladan da dokar tarayyarsu ta yanka dala 7.25 ne a awa. Zai saya maka littafi da rigar sanyi, ba zai biya kuɗin makaranta ba.

Akwai batun makarantun da suka ce aika maki ba dole ba ne. Sun yawaita tun annobar korona a 2020, ko da yake MIT ta dawo da sharaɗin a 2022, Dartmouth da Harvard da wasu suka bi baya a 2024. Inda aka ba ka zaɓi, in makinka yana tsakiyar lambobin nan biyu ko sama, ka aika; in yana ƙasa, ka riƙe abinka. Amma ka sani in ka riƙe, nauyin duka ya koma kan sakamakon WAEC da na aji huɗu zuwa shida na sakandare, da abin da malamanka suka rubuta, da bayanin da ka yi game da kanka. A nan ne nake ganin ƙarfinka yake. Ka rubuta shi da bakinka, kan abin da ka sani, ko da shagon kawunka ne da ka riƙe wa lissafi shekara biyu. Masu karanta takardun nan sun gaji da labarin yaron da zai ceto Afirka. Ka kuma tambayi kowace makaranta ko za ta yafe maka jarrabawar Turanci, tunda da Turanci ka yi sakandare. Wasu suna yafewa, kuɗi ne ya ragu.

Ka duba ƙananan kwalejoji masu zaman kansu da ke tsakiyar ƙasar da kudancinta, nesa da New York da Boston inda kowa ke rububi. Ka duba Berea a jihar Kentucky, wadda ba ta karɓar kuɗin koyarwa tun 1892, kowane ɗalibi yana mata aikin aƙalla awa 10 a mako. Sai dai baƙin da take ɗauka 'yan kaɗan ne, don haka ka lissafa ta cikin masu wuya. Akwai kuma kwalejojin shekara biyu masu arha, da ake gamawa a koma jami'a a ƙarasa. Hanya ce mai kyau ga wanda ya san inda kuɗin shekara biyun ƙarshe zai fito, domin tallafin masu sauya makaranta ya fi ƙaranci. Manhajar Common App ta yarda ka nemi har ashirin, amma goma da ka yi wa bincike sun ishe ka, mafi yawansu inda makinka ke tsakiya ko sama. Kowace kuma ka rubuta mata wasiƙa ka tambaya: tallafin na shekara huɗu ne ko na ɗaya, wane sakamako ake so ka riƙe don kada a janye shi, ina baƙi ke kwana in an rufe ɗakuna lokacin hutun hunturu, akwai masallaci ko ƙungiyar ɗalibai Musulmi a kusa?

Kada ka ba wani ejan kuɗi a kan ya yi maka alkawarin gurbi ko biza. Ofishin EducationUSA na Abuja da Legas aikinsu ke nan, ba da shawara, kuma ba su da makarantar da suke tallatawa. Su za ka tambaya halin da biza ke ciki kafin ka kashe ko sisi, domin dokar tana juyawa da sauri: a Yunin 2025 an rufe wa ƙasashe goma sha biyu ƙofa, ciki har da Chadi da Sudan, a watan Yuli aka rage wa'adin yawancin bizar 'yan Najeriya zuwa wata uku da shiga sau ɗaya, kuma tsaurarawar ba ta tsaya nan ba. Takardar I-20, wadda makaranta ke bayarwa don neman biza, ba ta fitowa sai ka nuna kuɗin shekara guda a fili, bayan ita ga dala 350 na rajistar ɗalibai baƙi ta SEVIS da 185 na biza, kuma jami'in da zai yi maka tambayoyi yana iya cewa a'a cikin minti uku.

Saboda wannan nake so ka yanki fom ɗin JAMB na bana, ka kuma yi masa karatu da gaske, ba na cika umarni ba. Jami'o'in Bayero da Ahmadu Bello sun yaye mutanen da suka je Amurka da Ingila digiri na biyu da na uku da kuɗin jami'o'in can, kuma a wannan mataki tallafi ya fi samuwa, musamman a kimiyya da injiniyanci. Ka leƙa Ashesi ta Gana ma, tana cikin jami'o'in Afirka da Gidauniyar Mastercard ke ɗaukar nauyin ɗalibai a cikinsu.

Yawancin makarantun suna rufe karɓar takardu a farkon Janairu zuwa tsakiyarsa, wasu masu ba da tallafi tun Nuwamba ko Disamba. Malaman da za su rubuta maka shaida ka je musu tun makon nan, da ƙafarka, ka ba su lokaci. Takardar da aka rubuta a daren ƙarshe ana gane ta. In kun gama magana da mahaifinka, ka zo da kwamfutarka mu buɗe takardun nan tare, makaranta bayan makaranta. Allah ya yi maka albarka, ya zaɓa maka inda za ka gama lafiya.