Matsalar Loda Rumbun ICU Daga Harshen Python Wajen Jeranta Kalmomin Gobiranci

1.0 Gabatarwa

Mai nazarin karin harshe da ya tattaro kalmomi daga bakin mutanen Tozai da ƙauyukan da ke tsakanin Isa da Sabon Birni, irin su hwaɗi a madadin faɗi, ko ɗiya a madadin 'ya, yakan buƙaci jeranta su bisa tsarin abacada kafin ya kwatanta su da daidaitacciyar Hausa. Idan ya bar wa Python aikin kai tsaye, lambar da Unicode ta ba kowane harafi za ta bi. Sakamakon haka sai ƙ da ɓ da ɗ su koma bayan z, ƙ ma ta riga ɓ zuwa. Maganin wannan shi ne ICU, wani rumbun umarni da aka rubuta da harsunan C da C++, aka kuma riga aka sarrafa shi zuwa harshen na'ura. Yana ɗauke da ƙa'idar jeranta Hausa, amma sai Python ta loda shi tukuna, kuma a nan aikin yakan cije.

2.0 Inda Lodin Yake Cijewa

Saƙon da ya fi rikita manazarta shi ne wanda ke cewa ba a sami fayil ba, alhali ga shi a cikin jaka ana kallon sa. Dalili kuwa shi ne rumbun ba tilo ba ne. A Windows, icuin yana dogaro da icuuc, shi kuma yana dogaro da icudt, wanda a cikinsa bayanan harsuna suke. Ɗaya ya ɓace, sai kwamfuta ta ba da kuskure mai lamba 126, galibi ba tare da ta ambaci ainihin wanda ya ɓace ba. Tun daga Python 3.8, wadda ta fito a 2019, an daina duba jerin PATH wajen neman waɗannan 'yan rakiya, don haka tsohon umarnin da wani ya gada daga abokin nazarinsa kan daina aiki ba tare da an taɓa harafi ɗaya a cikinsa ba. Abin yi shi ne a nuna jakar da os.add_dll_directory kafin lodi. A Linux, umarnin ldd yakan bayyana wanda babu.

Lamba 193 kuwa ta rashin jituwa ce: rumbu mai bit 32 da Python mai bit 64, ko akasin haka. Sauya ɗayansu kawai ke raba gardama.

Wani lokaci rumbun yakan lodu, amma ctypes ta ce babu aikin da ake kira ucol_open. ICU tana liƙa lambar bugunta a ƙarshen sunan kowane aiki, saboda haka a bugu na 74 sunansa ucol_open_74.

Ga mai aiki a gabashin Sakkwato, wannan ba ƙaramin al'amari ba ne. A 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar saboda matsalar tsaro, har da Isa da Sabon Birni. Wanda ya bar saukar da fayil guda sai ya isa can, ya yi ganganci. A haɗa komai a gwada tun a Sakkwato, da intanet a kashe.

3.0 Lodin da Ya Yi Kama da Nasara

Mafi haɗari shi ne kuskuren da ba ya ƙara. Idan icudt ɗin da aka samu an rage masa bayanai, babu na Hausa a ciki, ICU takan koma ga ƙa'idarta ta gama-gari, ta bar gargaɗin da ba kowa ke duba shi ba. Haruffa masu lanƙwasa za su zauna daidai, mai nazari ya saki jiki, alhali sh da ts sun narke cikin s da t. Gwajin ba shi da wuya: a ba ta suna da sha da tuwo da tsaye. Idan ƙa'idar Hausa ce ke aiki, sha za ta biyo bayan suna, tsaye kuma bayan tuwo.