Idan Bututun AKK Ya Ratsa Gonarka

Bututun iskar gas na AKK, mai tsawon kilomita 614 daga Ajaokuta zuwa Kano, gonaki da burtalai yake ratsawa, don haka maganar ta shafe mu.

Ɗan'uwa manomi, duk ranar da za a yi haƙa a gonarka, ka tsaya a wurin. Ka nemi a tara baƙar ƙasar sama daban, jar ta ciki daban, a mayar da kowacce mazauninta. In aka cakuɗa su, sai ka yi shekaru kana zuba taki dawa tana fitowa a tsumbure. Ramin da aka bari buɗe kuwa, damina na cika shi da ruwa. A sa shinge, a bar wa dabbobi mashiga, a tsawata wa yara.

Bayan an binne bututu, ban da gini ko haƙa rijiya a kan layin. Ka ji huci daga ƙasa, ko ka ga ciyawa ta ƙone a wuri guda, kada ka ƙyasta ashana, kada ka tayar da babur. Yi nisa da ƙafa, ka sanar da mai unguwa. A Jesse ta jihar Delta, gobarar bututun fetur ta 1998 ta hallaka ɗaruruwan mutanen da suka taru kwasar mai.