Kalmar "Hauka" a Bakin Bahaushe da a Bakin Doka: Darasi a Kan Ilimin Ma'ana

1.0 Gabatarwa

Wannan darasi zai duba yadda kalma ɗaya takan ɗauki ma'ana mai faɗi a zancen yau da kullum, amma ta ƙuntata idan ta shiga hannun doka. Misalin da aka zaɓa shi ne tambayar da takan taso a lokacin zaɓe: shin ɗan siyasar da ke da taɓin hankali ya cancanci riƙe muƙami? Ba za a iya amsa ta ba sai an fara tantance abin da ake nufi da kalmar.

2.0 Kalmomin Hausa

Hausa ba ta rasa kalmomi a wannan fage ba. Akwai "hauka" da "mahaukaci", akwai "zautuwa" da "zautacce", akwai "taɓaɓɓe", akwai kuma "ya zare" da matasa suka fi so. "Taɓin hankali" sakayawa ce, domin "taɓi" yana nuna abu kaɗan, ba rushewa ba. "Bugun iska" kuwa yana ɗauke da bayanin musabbabi, wato iskoki, irin tunanin da ya zo daga bori.

Matsalar ita ce "hauka" ta haɗiye sauran. Da ita ake kiran wanda ke yawo a bola, da ita ake kiran mai gudu da mota fiye da kima, da ita ake zagin abokin hamayya a dandalin kamfe. Karin maganar nan ta tabarmar kunya da ake naɗewa da hauka ba ta nufin ciwo ko kaɗan; borin kunya take nufi. Har mai farfaɗiya wasu sukan jefa shi cikin wannan kwando, alhali nasa ciwon na jijiyoyin ƙwaƙwalwa ne, hankalinsa kuma garau yake da zarar ya farfaɗo. Mai ciwon damuwa mai tsanani kuwa, da yake ba ya jifa ba ya tsirara, sau da yawa ba a ma ɗauke shi mara lafiya ba.

3.0 Abin da Doka ta Ce

A ɗauki mazaɓar tarayya ta Gaya, Ajingi da Albasu. Duk mai neman wakiltarta yana ƙarƙashin sashe na 66 na Tsarin Mulkin 1999. Mai neman kujerar Gaya ko ta Ajingi a majalisar jiha yana ƙarƙashin sashe na 107. Gwamna na 182. Shugaban ƙasa na 137. Dukkansu sharaɗi ɗaya suka kafa: ba a hana mutum takara sai an yanke hukunci, ko an ayyana, bisa wata doka mai aiki, cewa ba ya cikin hankalinsa. Abin lura ga ɗalibin harshe shi ne aikatau, wato "an yanke hukunci". Raɗe-raɗin kasuwar Gaya ba hukunci ba ne, haka nan katin asibitin Dawanau.

Idan ciwon ya sami gwamna yana kan mulki, sashe na 189 ya tanadi hanya mai tsawo. Sai kashi biyu cikin uku na majalisar zartarwa sun amince, sannan kakakin majalisa ya naɗa likitoci biyar, ɗayansu likitan gwamnan, su tabbatar cewa rashin ikon gudanar da aiki na dindindin ne. Ma'auni a nan shi ne iya aiki da ɗorewar ciwon, ba sunansa ba.

Kalmar Ingilishi da aka sa a waɗannan sassa tsohuwa ce, tushenta sunan wata a Latin, saboda tsohon camfin cewa wata ke motsa ciwon. An gaje ta daga dokokin mulkin mallaka na 1916 da 1958. An maye gurbin dokar 1958 da sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sanar da sa mata hannu a Janairun 2023, amma kalmar tana nan a tsarin mulki.

Malaman fiƙihu sun daɗe da yin wannan rarrabewa. Al-Mawardi, wanda ya rasu a 1058, ya bambanta a littafinsa al-Ahkam al-Sultaniyya tsakanin gushewar hankali mai wucewa kamar suma, wadda ba ta hana shugabanci, da haukan da ba ya yankewa, wanda ke hanawa. Mai zuwa yana tafiya kuwa, sai ya auna wanne ya fi tsawo, lokacin ciwo ko na lafiya. Wannan tsantseni ya fi na yawancin masu sharhin siyasa na yau.

A Norwe, Firayim Minista Kjell Magne Bondevik ya bayyana a 1998 cewa yana fama da ciwon damuwa, ya huta 'yan makonni, ya koma aiki, ya kuma sake hawa kujerar a 2001. Da a Hausa aka ba da labarinsa da kalmar "hauka", da an zalunce shi, an kuma ɓatar da mai sauraro.

A zaɓen ƙananan hukumomin Kano na 2021 da na 2024, hukumar zaɓe ta jiha ta sa 'yan takara, har da na Gaya da Ajingi, gwajin miyagun ƙwayoyi a hannun NDLEA. Shaye-shaye na iya jawo taɓin hankali, amma gwajin fitsari ba ya auna hankali, kuma bai kamata malami ya bari ɗalibansa su gwama biyun ba.

4.0 Jinga

Ɗalibi ya tattaro kalmomi goma da ake kiran mai taɓin hankali da su a yankinsa, ya ware na zagi da na sakayawa. Sannan ya fassara sharaɗin sashe na 107 zuwa Hausa ba tare da kalmar "mahaukaci" ba, ya kuma kare zaɓin da ya yi a cikin sakin layi ɗaya.